Ƙurajen huska: wa ya kamata shi sha magani?

Ga jawabin da wani malamin lahiya na jihar Maraɗi ya yi ma manya masu koyon karatu, tare da samari da ƴan matan gari. Mun rubuta shi yadda ya hwaɗe shi.

Mai gari, mun gode da tabarma. Malamin karatu, mun gode da ka ba mu aron allonka.

Da na ce yau maganar ƙurajen huska za mu yi, na ga dattijai suna murmushi. Na san abin da ke cikin ranku. Ga zazzaɓin cizon sabro, ga zawo, ga tamowa, shi ko ya zo muna da zancen ƙuraje! Gaskiyarku, ƙurajen huska ba su kisa. Abin da ɗiyanmu ke haɗiya saboda su shi ya kawo ni.

Bara, bayan girbi, wata uwa ta kawo min ɗiyarta. Shekarunta kamar 17. An sa ranar aurenta, saura wata huɗu. Ta ruhe huska da lulluɓi, ba ta son ko in duba. Kunci da haɓa duk ƙuraje, wasu da mugunya, wasu sun bar baƙin tabo. Na ce, ƙanwata, mi kika sha? Ta kwance bakin zane, ta hiddo kafso, irin wanda ake sayarwa bisa tire ranar kasuwa. In ta samu ƴan kuɗɗi, ta saya ta sha kwana biyu. In babu, ta bari. Ta daɗe tana haka. Kuma tana shahwa man hasken hwata da wata ƙawarta ta ba ta. Kuɗɗi sun tahi, huska sai ƙara lalacewa take.

Kamin in gaya muku yadda munka ƙare da ita, bari mu san ciwon tukuna.

Ku taɓa huskarku. Ga hwatar mutum akwai ƴan ƙohohi ƙanana inda gashi ke tsirowa. Ƙarƙashin kowace ƙohwa akwai ɗan wurin da ke yin maiƙo, shi ke sa hwata taushi. In yaro ya kai balaga, sai jiki shi ƙara yawan maiƙon. Maiƙo shi haɗu da matattar hwata, su toshe ƙohwar, kamar yadda laka da kara ke toshe indararo da damana. To, ga hwata akwai wata ƙwayar cuta wadda ido ba shi gani. Kowa na da ita, har ni. Amma in ta samu wuri ruhe cike da maiƙo, sai ta yi yawa. Wurin shi kumbura, shi yi zahi, shi tara mugunya. Shi ya sa ƙurajen sun hi hitowa ga huska da ƙirji da baya, don nan maiƙo ya hi yawa.

Kun ga ke nan ba ƙazanta ba ce. Ba sammu ba ne. Ba a ɗaukar su ga wani ta zane ko ta kwanon tuwo. Yawancin mutane suna rabuwa da su bayan sun wuce shekara 20, wasu mata kuwa har 30 ko 40 suna tare da su.

Yawancin samari ba su bukatar shan komi. A wanke huska sahe da marece da sabulu mai sauƙi, ba a gurza da soso ba. A rage man kitso da basilin ga goshi. A bar matsa da hwarce, don matsa ke tura mugunya ciki, kuma ita ke barin tabo. In sun ɗan yi yawa, akwai maganin shahwa. Malam, rubuta muna sunanshi bisa allo: benzoyil peroksid. Da shi kaɗai mutane da yawa sun samu sauƙi.

To, wa za shi sha magani? Wanda ƙurajenshi sunka yi yawa, masu zahi da mugunya, har sun kama baya da ƙirji. Da wanda ke da manyan kumburi ƙarƙashin hwata, masu barin rami in sun warke. Da wanda ya yi wata biyu ko ukku shina shahwa, bai ga canji ba. Wanga kam shi zo gidan likita a duba shi. In likita ya ga ya dace, shi rubuta mashi takarda, shi tahi hwarmasi.

Maganin da anka hi rubutawa sunanshi doksisiklin. Malam, rubuta shi ma. Antibiyotik ne, wato maganin da ke yaƙar ƙwayoyin cuta cikin jiki. Dangin tetrasiklin ne, wanda kunka sani cikin man ciwon ido. Kakansu na hwarko, cikin ƙasar da muke takawa anka samo shi, can Amurka, anka bayyana shi cikin 1948. Aikinshi ga ƙuraje biyu ne: shi rage ƙwayar cutar, kuma shi kwantar da kumburi. Mahi yawa ana ba da guda ɗaya kullum, mai miligaram 100, amma likita ke yanke wannan, ba mai tire ba.

Ga inda mutane ke kuskure. Ciwon nan ba miki ba ne da za a sha magani kwana biyar a warke. Sai an yi sati 6 zuwa 8 ana sha kullum kamin a hwara ganin canji sosai. Gaba ɗaya kamar wata 3 ne. Ku manoma ne, kun san wata ukku: kamar daga shuka zuwa girbin gero. Wanda ya sha kwana biyu ya bari, kamar wanda ya shuka yau ne, jibi ya tone shi ga ko ya yi zangarniya.

Kuma ba a sha har abada. Bayan wata 3 a komo, likita shi duba. In ƙuraje sun kwanta, a tsai da na sha, a ci gaba da na shahwa. In akwai saura, shina iya ƙara ɗan lokaci, amma ba a so a wuce wata 6. Ba a ba da na sha shi kaɗai, kullum tare da na shahwa ne. Sai dai ku kula, benzoyil peroksid shina cinye launin tuhwa. Wadda ta shahwa ta goge da zanenta na salla, kada ta zo ta kama ni.

Yadda ake sha, ku saurara da kyau. A sha bayan an ci abinci, da moɗa guda cike da ruwa, mutum shina zaune ko tsaye. Kada a kwanta sai an yi ko minti 30. In ya laƙe ga maƙoshi shina ƙona hanyar abinci, har haɗiyar miyau ta zama wahala. Masu azumi, ku sha bayan buɗa baki, in kun ci tuwo. Kada ku haɗiye da sahur ku koma shimhiɗa.

Kada a haɗa shi da nono ko madara. Na san wannan da wuya, mu da ba mu yini ba hura. Ban ce ku bar hura da nono ba. Ku raba su da magani da kamar awa biyu ko ukku, don nono shina riƙe wani kashi na maganin cikin ciki, shi hana shi shiga jini. Haka ƙwayar ƙarin jini mai ƙarhe, haka maganin ƙwannahi. Kuma maganin shina sa rana ta ƙona hwata da sauri. Mai zuwa gona shi sa malhwa da riga mai hannu.

In kana sha, ka ji ciwon kai mai tsanani, ido na gani dishi-dishi ko biyu-biyu, ka bari, ka zo ran nan. Haka in zawo ya yi yawa ko da jini, ko jiki ya hito da borin jini, ko leɓe ya kumbura. Mata, in kun ji ƙaiƙayi ga gaba, ku gaya ma ungozomar gidan likita, akwai maganinshi, ba abin kunya ba ne.

Yanzu iyayena mata, wannan taku ce. Mai ciki ba ta shan wanga magani don ƙuraje. Mai shayarwa ma haka. Yaro da bai kai shekara 8 ba, ba a ba shi. Dalili, maganin shina shiga haƙori da ƙashi da ke cikin tsira. Haƙoran yaro su hito ruwan ƙasa, kuma asawaki ba shi hidda wannan launi har tsuhwa. Shi ya sa in mun tambayi mace yaushe ta ga al'adarta ta ƙarshe, ba shisshigi muke ba. Wadda ta tsallake wata tana cikin sha, ta tsaya, ta zo. Mai ciki da ƙuraje sunka dame ta, akwai wani abin da likita ke iya ba ta.

Wani za shi ce, malam, tunda ka gaya muna sunan da yadda ake sha, mi za shi hana in saya kasuwa? Kafson bisa tire ba ka san abin da ke cikinshi ba. Sau da yawa ba suna, ba ranar lalacewa, ga shi yini cikin rana. Wani jabu ne, wani ƙarhinshi bai cika ba. Tetrasiklin da ya tsuhwa ya lalace shina iya taɓa ƙoda. Na hwarmasi kuwa kwalinshi na da suna, da wata da shekara. Ku da kuke karatu yanzu, ku duba da idonku.

Amma babban dalilin bai tsaya ga mutum guda ba. Maganin da ka haɗiya ba huska kaɗai yake zuwa ba. Shina ratsa ciki da jini, duk ƙwayoyin cutar da ke jikinka suna gamuwa da shi. In ana sha kaɗan-kaɗan, yau a sha gobe a bari, ko a yi shekara ana sha, masu rauni su mutu, masu taurin rai su saura su hayayyahwa. Waɗannan maganin ba shi ƙara kama su. Kuma suna wucewa daga mutum zuwa mutum, ta hannu, ta ruwa, ta kashi. Kun tuna ciwon amai da zawo, kwalara, da ya shigo ƙasar Madarunfa cikin 2018, ya sake komowa jiharmu cikin 2021. Wanda ciwon ya kama da ƙarhi, bayan ƙarin ruwa, doksisiklin ɗin nan ne ake ba shi. Da shi kuma ake maganin wasu cututtukan sanyi na maza da mata. In mun ɓata kaihinshi bisa ƴan ƙuraje ukku na goshi, ranar da gari ke bukatarshi mi za mu ɗauko?

Mu koma ga amaryarmu. Abin da na hwara yi, na karɓe man hasken hwatar. Da yawa cikin irin man nan suna da wani sinadari, kortizon, wanda shi da kanshi ke hiddo ƙuraje, shi sa hwata ta yi siriri. Shi ne kuma cikin wasu ƙwayoyin da mata ke sha don su yi ƙiba. Na gaya mata gaskiya: in kin bari, huska za ta ƙara tashi na ƴan satuttuka kamin ta lahwa. Haka ko anka yi. Sati na ukku ta komo tana kuka, ta ce magani bai karɓe ta ba. Uwarta ce ta riƙe ta, kullum bayan tuwon dare ita ke miƙa mata ƙwaya da moɗar ruwa. Mun lissahta yadda za ta gama na sha kamin a ɗaura aure, saboda ciki na iya shiga. Wata na ukku ƙuraje sun kwanta. Baƙin tabon kam bai gama tahiya ba ranar biki, don shi sai a hankali, wata da watanni. Da shi ta tahi ɗakinta, tana ci gaba da na shahwa.

Wanda za shi zo gidan likita, shi taho da duk abin da ya sha da wanda ya shahwa, ko kwalin ne, ko kwalba, ko ƙullin leda. Ba hwaɗa za mu yi ba, so muke mu gani. Ƴan mata masu jin kunyata, ungozoma na nan kowace sahiya. Yanzu mai tambaya shi ɗaga hannu. Baba, na ga naka tun ɗazu, bisimilla.