Aiki, kasafi da kuran: jawabin da aka yi wa matasan fada a Maradi

 

Tun watan Maris na 2025 aka rushe jam'iyyun siyasa a ƙasar nan, amma ku da ni mun san gardamar jam'iyya tana nan da ranta. Ta bar majalisa ne kawai ta dawo fada, gefen butar shayi. Da an tada zancen rashin aiki, sai wani ya ce: “Lokacin 'yan Guri aƙalla ana gine-gine, kuɗi na yawo.” Wani ya amsa: “Wane yawo? Aljihun su wa? Yanzu ne muka samu 'yancinmu, har an rage kuɗin esans.” A yi ta yi har shayi na uku, a watse. Da safe kowa ya tashi ba aiki.

Mu ɗauki maganar kowane ɓangare mu auna ta.

A 2011 shugaba Issoufou ya yi alkawalin aikin yi 50,000 kowace shekara. A shekarar ce aka buɗe matatar Soraz kusa da Damagaram, mai tace ganga 20,000 a rana. An yi gadoji da otal-otal a Yamai, wannan ba ƙarya ba ne. To amma cikin waɗanda ake ƙirgawa sun samu aiki, nawa ne 'yan kwantaragi masu jiran albashi wata da watanni? Nawa ne leburorin da aikinsu ya ƙare ranar da aka yanke ƙyalle? A wancan mulkin ne aka kawo kasafin 2018 mai sababbin haraji, mutane suka fito titi, aka kama su Moussa Tchangari da Ali Idrissa da Nouhou Arzika. A cikinsa ne kuma binciken ma'aikatar tsaro na 2020 ya ambaci miliyar 76 na sefa da suka salwanta wajen sayen kayan soja.

Mahukuntan yanzu kuwa, a Yulin 2024 sun mai da litar esans sefa 499, wato dala ɗari ba tamma ɗaya, gazuwal kuma 618. Duk ɗan kabu-kabu ya ji daɗin wannan, kuma ya cancanci a yaba. Ɗanyen man Agadem ya fara fita ta bututun da ya kai gaɓar teku a Benin, kusan kilomita 2,000. Sai dai kafin ganga ta farko ta shiga jirgi, an riga an karɓi dalar Amurka miliyan 400 daga kamfanin CNPC na ƙasar Sin, da ruwa kashi 7 cikin ɗari, a biya da man. Takunkumi ya matse, gaskiya ne. Amma bashi sunansa bashi, kuma mu za mu biya. A Maris na 2025 duk mun ga dogayen layuka a gidajen mai, a ƙasar da ke haƙo mai.

Yanzu ga abin da na fi son mu tsaya a kai. Gwamnati, ko ta farar hula ko ta soja, ba za ta iya ɗaukar mu duka aiki ba. Ku dubi yawan masu ajiye takardu in an buɗe konkur, ku dubi gurbi nawa ake nema. Mafi yawanmu wurin mai walda za mu samu aiki, ko tela, ko mai injin niƙa, ko hajiyar da ke ƙulla ƙanƙara da lemu ta ba yara su kai kasuwa. Dukansu da kuran suke numfashi.

Ku yi lissafi da ni. A ce mai walda an ɗauke mishi wuta, ya tada gurup, ya ƙone lita biyar kafin la'asar. Jika biyu da rabi ke nan. In haka ta faru kwana ashirin a wata, jika hamsin sun tafi hayaƙi. Wannan kuɗin shi ne ladan yaron shago da bai ɗauka ba. Ƙila ƙanenka ne. Ƙila kai ne, da diplom ɗinka a akwati.

To me ya sa har yau haka? Kafin juyin mulkin 2023, kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar da Nigelec ke rabawa daga Najeriya take zuwa. Ta Yamai ta biyo ta Birnin Kebbi, tamu ta Maradi da Damagaram ta biyo ta Katsina da Gazawa. Da CEDEAO ta sa takunkumi, a watan Agusta aka katse layin, muka ga abin da muka gani. Laifin yanke wa talakawa wuta yana wuyan waɗanda suka yanke. Laifin barin maɓallin gidanmu a hannun maƙwabci shekaru da shekaru kuwa, duk wanda ya taɓa mulkin Nijar yana da kaso a ciki. Madatsar Kandaji, mai megawat 130, tun zamanin Kunce ake zancenta. Tanja ya aza tubalinta a 2008. Akwai waɗanda ke zaune a nan da suke aji ɗaya a lokacin, yau sun gama jami'a, Kandaji ba ta ba da wuta ba. Gawayin Salkadamna a jihar Tawa shi ma yana kwance, sai dai a yi ta sa hannu a takardu. Tashar hasken rana ta Gorou Banda, megawat 30, Bazoum ya ƙaddamar da ita, a ƙarƙashin CNSP ta soma aiki. Kowane ɓangare na cewa tasa ce. Ni dai burina a yi irinta goma, sa'an nan a yi faɗan mai ita.

Na san wani zai ce ana yaƙi, kuɗi tsaro suke tafiya. Haka ne, kuma sojojin da ke faɗuwa a Tilaberi da Diffa ƙannenmu ne da yayyenmu. Shi ya sa ma ya kamata a san inda kowace dala ta shiga. Tambayar da muka yi a 2018 da 2020 ita za mu yi yau: nawa mai ya kawo bana, nawa aka ware wa kuran, yaushe za a gama? Mai yin wannan tambaya ba ɗan Guri ba ne, ba kuma karen Faransa ba. Mai biyan faktir ne.

Ga aikin da muke roƙo. Kowace fada ta sayi kaye guda. Daga gobe har wata ya cika, a rubuta lokacin da aka ɗauke wuta a unguwa da lokacin da aka maido. A zaɓi masu sana'a uku kusa da ku, a tambaye su nawa suka kashe a man gurup kowane mako, kuma yara nawa za su ɗauka in wuta ta tsaya. Kar a manta da mata masu firji a cikin gida. Ba a buƙatar sunan kowa, sana'a da unguwa sun isa. Ƙarshen wata mu haɗa kayen, mu kai wa gwamna da magajin gari, mu kuma sa a shafinmu kowa ya gani.

 Wanda ke da tambaya ya ɗaga hannu.