Shafi Ma Malami Ne

Jawabin da aka gabatar a taron reshen ƙungiya



Mun saba a irin wannan zama mu tattauna albashi da ƙarin girma da haƙƙin waɗanda suka ajiye aiki, kuma duk sun cancanci a tattauna su. Yau muna neman izini mu ɗan karkata zuwa wani abu da ke hannunmu kullum, wanda gyaransa ba ya jiran sa hannun kowa. Abin nan shi ne yadda muke zuba haruffa a kan allo da kwali da takardar jarrabawa.

Da yawa daga cikinmu da suka bi ta kwalejin ilimi sun zauna kusa da ɗaliban sashen zane-zane, wasunmu kuma 'ya'yansu na karatun a yanzu, ko a kwaleji, ko a irin sashen da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya take da shi na koyar da zanen kayan masana'antu. Mukan ga ɗalibi ya raba dare a kan kalma guda, yana gogewa yana sakewa, har mu ce wannan karatu da wasa yake kama. Bari mu duba ayyukan da ake ba su a aji, domin kowane ɗaya yana da abin da zai gaya wa malamin firamare.

Aikin farko, a ba ɗalibi fensir da rula ya zana haruffa da hannu. Zai ja layin da haruffa ke zama a kansa, da layin da ƙananan haruffa irin su a da o suke tsayawa, da wanda dogaye irin su b da d suke kaiwa, da na ƙasa inda wutsiyar g da y ke sauka. A nan yake gane cewa harafi gini ne mai ma'auni. Idan cikin a ya tsuke, sai ya koma kamar o. Idan wuyan h ya gajarce, sai ya zama n.

Aiki na biyu shi ne tazara tsakanin haruffa. A ba shi kalma kamar TAYA ko WAWA da manyan baƙaƙe. In ya auna tazarar da rula daidai wa daida, sai kalmar ta fito a wargaje, domin A da Y da W suna da karkatattun ɓangarori masu barin fili. Dole ya matso da wasu ya nisanta wasu har ido ya gamsu. Hausawa sun riga sun faɗa: ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.

Aiki na uku ya fi wuya. A ba shi sanarwa guda, a hana shi launi, a hana shi hoto, a ce ya yi amfani da salon harafi ɗaya tak, amma mai karatu ya san abin da zai fara karantawa, da na biyu, da na ƙarshe. Ba shi da makami sai girman harafi da kaurinsa da farin filin da ya bari. Daga nan yake koyon cewa filin da ba a rubuta kome a ciki ba yana aiki, shi ne ke raba magana da magana, kamar yadda numfashi ke yi wa mai jawabi.

Aiki na huɗu, ɗan littafi. Takarda ɗaya in an ninka ta biyu tana ba da shafi huɗu, shi ya sa shafukan irin wannan littafi suke zuwa huɗu-huɗu. A littafi mai shafi 8, shafi na 8 da na 1 suna zama a fuska ɗaya, na 2 da na 7 a bayanta, sai na 6 da na 3, sannan na 4 da na 5 a tsakiya. Wanda bai tsara wannan tun farko ba, zai buga ya ninka ya tarar labarinsa ya kife. Kafin ya zuba kalma ko ɗaya, sai ya ja gefen shafi da ginshiƙan rubutu, ya tsaida inda kan magana zai zauna a kowane shafi.

A ƙarshen kowane aiki akan manna shi a bango, kowa ya ja da baya, malami da ɗalibai su faɗi abin da idonsu ya fara kamawa da abin da ya ɓace musu. Mai aikin ba ya tsayawa kare kansa da cewa ga abin da ya nufa, domin ranar da takarda ta fita duniya ba ya tare da ita.

'Yan uwa, wannan ilimi ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Marubutan Alƙur'ani na Kano da Borno sun daɗe suna rubuta baƙi da baƙar tawada, wasali da ja, suna sa zayyana a gefe don mai karatu ya gane inda hizifi ya faro. Wannan tsara shafi ne tsantsa. Da boko ya zo, aka sha fama kafin a sama wa sautukanmu haruffa. Hans Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubutun Hausa a 1912. An yi zamanin da ake sa ɗigo a ƙarƙashin harafi ko waƙafi a gefensa, kafin a shekarun 1930 a tsaya a kan ɓ da ɗ da ƙ masu ƙugiya, lokacin da Dokta Rupert East yake jagorancin aikin talifi a Zariya. A zamanin da ake ɗab'i da haruffan dalma, kowane harafi mai ƙugiya sai an zuba shi musamman. Duk da haka an yi, aka buga littattafai, aka fara jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939 da Alhaji Abubakar Imam a matsayin edita, aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945. 'Yan uwanmu na Nijar har ƴ mai ƙugiya suke rubutawa inda mu muke sa 'y.

To, abin da magabata suka samar da ƙarfe da wuta, mu da muke da kwamfuta da waya muna barin sa yana zubewa. A kai takardar jarrabawar Hausa shagon buga takardu, ta dawo babu ƙugiya ko ɗaya. Yaron da muka shafe zango muna koya masa bambancin kafa da ƙafa, da fada da faɗa, da bari da ɓari, da kasa da ƙasa, sai ya ga takardar da ta fito daga ofishin makaranta ta rushe bambancin. Wa zai gaskata, malaminsa ko takarda? In ya rubuta daki a maimakon ɗaki muka soke masa maki, mun hukunta shi a kan abin da muka nuna masa.

Akwai kuma zaɓin salon harafi. A salon Arial, babban I da ƙaramin l kusan abu ɗaya ne, saboda haka kalmar Ilimi ko sunan Iliya sukan fara da sanda biyu masu kama da juna. A salon Times New Roman, wanda aka ƙirƙira domin jaridar The Times ta Landan a 1932, a da g ba su yi kama da waɗanda muke rubutawa a allo ba. Babba ba ya lura, amma ɗan aji ɗaya da ke fama da b da d da ɓ da ɗ, ga kuma p da q a darasin Turanci, kowane sabon fasali ƙarin kaya ne a kansa. Akwai salon da ake kira Andika, wanda ƙungiyar SIL ta tsara musamman domin masu koyon karatu. Kyauta ake saukar da shi daga intanet, a da g nasa irin na hannu ne, kuma yana ɗauke da haruffanmu masu ƙugiya, manya da ƙanana.

Mun san abin da za a ce: takarda ta yi tsada, kuɗin bugu daga aljihun iyaye ko na malamai yake fitowa, shi ya sa ake matse tambayoyi hamsin a shafi guda, a ƙanƙanta su a injin fotokwafi. Maganar gaskiya ce. Sai dai idan an ƙanƙanta rubutu, abin da ke fara ɓacewa shi ne ƙugiya da ɗigo da alamar lissafi. Jarrabawar da aka shirya don auna fahimta sai ta koma auna ƙarfin ido, kuma yaron da idonsa ke da rauni, wanda iyayensa ba su taɓa kai shi awo ba, shi ne zai fara faɗuwa. Ɗalibin zane zai ce a rage ado kafin a rage harafi. A cire zanen da aka kewaye shafi da shi, a taƙaita dogon kanun da ke cin kashi ɗaya cikin huɗu na takarda, a buga gaba da baya. Filin da aka samu ya isa a ƙara girman rubutu.

Saboda haka muna kawo shawarwari huɗu, kuma babu wadda take buƙatar kasafin kuɗi.

Na farko, kada takardar jarrabawa ta tafi bugu sai malamin darasin ya karanta kwafin farko da idonsa, ya tabbatar ƙugiyoyi suna nan, kuma tambaya ba ta rabu da amsoshinta zuwa wani shafi ba. In mai shagon bai san inda haruffan suke ba, mu nuna masa; allon rubutu na Hausa yana nan a wayoyinmu, kuma cinikinsa ne zai ƙaru.

Na biyu, ga ƙananan azuzuwa, girman harafi kada ya sauka ƙasa da lamba 14 a kwamfuta, a bar tazara wadatacciya tsakanin layuka, a guji rubuta jimla gaba ɗaya da manyan baƙaƙe, domin suna mayar da kalmomi tsayi ɗaya kamar bulo, yaro ya rasa siffar da yake gane kalma da ita.

Na uku, mu ari al'adar ja da baya. Duk wanda ya gama rubutu a allo ko ya rataye kwali, ya taka zuwa bencin ƙarshe, ya durƙusa daidai tsayin yaro ya duba. A ajin da ya cika maƙil, na baya shi ne ma'aunin rubutunmu. Mu ja layi a kwali da fensir kafin mu ɗora maka, mu bar gefe, mu tsaya a kan launi biyu masu ma'ana maimakon bakwai marasa dalili.

Na huɗu, muna roƙon shugabannin reshe su ware yini guda a hutun da ke tafe, a gayyato malaman zane da ke cikinmu, da 'ya'yanmu masu wannan karatu, kowa ya zo da tsohuwar takardar jarrabawarsa, a manna a bango a gyara tare. Daga nan a fitar da samfuri guda da makarantun reshen nan za su riƙa bi. Wannan mujalla tamu ma ta shiga layi, ta zama abin koyi wajen rubuta Hausa da cikakkun haruffanta.

Muna neman a girmama aikin malanta, kuma haƙƙinmu ne mu nema. Takardar da yaro yake kaiwa gida ita ce fuskar makaranta a wurin mahaifin da bai taɓa shiga ajinmu ba. In ya gan ta a tsare, harshensa a rubuce daidai, ya san akwai masu kula a wurin. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma idon yaro a shekarun firamare yake koyon abin da zai ɗauka a matsayin daidai har tsufansa.

Allah ya ƙara wa wannan ƙungiya haɗin kai, ya sa albarka a cikin ɗalibanmu, ya mayar da kowa gidansa lafiya.