Bindiga a ƙugu, mota cikin taro

A Amurka wasu na cewa da kowa na da bindiga a ƙugu, da mai tattake jama'a da mota bai yi nisa ba. To, mu leƙa New Orleans. Ranar 1 ga Janairun 2025, wajen ƙarfe uku na dare, wani ya kutsa da a-kori-kura cikin masu bikin sabuwar shekara a titin Bourbon, ya kashe mutum 14. Jihar Louisiana kuwa, inda New Orleans yake, tun Yulin 2024 ta halatta ɗaukar bindiga ba lasisi. Duk da haka 'yan sanda ne suka harbe shi, bayan motar ta yi karo ta tsaya. Ana turereniya, ana ihu, wa za ka saita? Turakun ƙarfen da ke tare bakin titin ma, lokacin an tuge su za a sa sababbi.