Naman Da Ya Shekara A Cikin Firiza: Hukuncinsa Da Lafiyarsa

 

Duk lokacin da Babbar Salla ta ƙarato akwai tambayar da take yawaita a majalisan karatunmu. Mutum ya buɗe firiza domin ya samar wa ragon bana wuri, sai ya tarar da ƙunshin naman layyar bara, wani lokaci ma har da na bara waccan. Shin ya ci ne, ko ya zubar ya faɗa cikin almubazzaranci? Allah Maɗaukaki ya umarce mu da cin abin da ya haɗa siffofi biyu, halal kuma mai daɗi marar cutarwa, saboda haka amsar tana buƙatar maganar malaman fiƙihu da kuma ta masana lafiyar abinci.

Ta fuskar Shari'a, ajiye nama halal ne. Ya tabbata a cikin Buhari da Muslim cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya taɓa hana a ajiye naman layya fiye da kwana 3. Nana A'isha (R.A.) ta bayyana dalili: wasu mabuƙata ne daga ƙauye suka kwararo Madina a lokacin Salla, sai aka so a ciyar da su. Da wannan hali ya wuce sai ya yi izini a ci, a yi sadaka, a kuma adana. Saubanu (R.A.) ma ya ba da labarin cewa an umarce shi ya gyara naman layya a halin tafiya, ya yi ta ciyar da Manzon Allah daga gare shi har suka isa Madina. Babu wani nassi da ya yanka wa ajiya iyakar watanni.

Masana kuwa cewa suka yi, idan sanyi ya kai digiri 18 ƙasa da sifiri a ma'aunin Salshiyas, ƙwayoyin cuta ba sa iya hayayyafa. Naman da ya zauna a wannan sanyi ba tare da yankewa ba, ko ya shekara 2 ko 5, ba zai zama guba saboda daɗewa kawai ba. Abin da yake lalacewa shi ne daɗinsa: iska tana busar da bayansa ya yi fari-fari, kitsensa kuma ya ɗauki warin tsohon mai. Don haka ne Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka ta ba da shawarar a ci manyan yankan nama cikin wata 4 zuwa 12, niƙaƙƙen nama da kayan ciki irin su hanta da ƙoda cikin wata 3 zuwa 4, kaza guda kuwa cikin shekara 1. Da irin wannan hikima ce Bankin Raya Ƙasashen Musulmi, tun daga 1983, yake daskarar da naman hadayar alhazai ana kai wa mabuƙata a ƙasashe masu nisa, bayan a da mafi yawansa a Mina yake lalacewa.

Akwai wani labari mai ban mamaki a nan. A shekarar 1979 masu haƙar zinariya a Alaska suka tono gawar wani ɓauna da ya daskare a ƙarƙashin ƙasa fiye da shekara 30,000. A 1984 masu binciken suka yanki wani abu daga wuyansa suka dafa suka ci, kuma ba su kwanta ciwo ba. Sai dai a jikinsa an ga alamun haƙora da faratan zaki. Ke nan a wurinmu mushe ne, yana cikin abin da naman daji ya ci wanda Suratul Ma'ida ta haramta. Sanyi yana tsare nama a halin da aka ba shi ne. Ba ya halatta abin da ba a yanka ba, kuma ba ya gyara abin da ya riga ya fara ruɓa.

To, a nan ne matsalarmu take. Sharaɗin da masana suka gindaya shi ne kada sanyin ya yanke, mu kuwa kowa ya san yadda wutar lantarki take a garuruwanmu. Daskarewa ba ta kashe ƙwayoyin cuta, barci kawai take sa su. Da zarar nama ya narke ya ɗau ɗumi sai su farka su ci gaba da hayayyafa, kuma a zafi irin na bazara wasunsu suna ninka yawansu cikin minti 20. Firiza cike wadda ba a buɗe ba tana riƙe sanyinta kamar awa 48, wadda take rabi kuwa awa 24 ne. Idan aka kwana 4 babu wuta, sa'an nan aka kawo ta, naman zai sake ƙanƙarewa ya yi tauri kamar dutse, uwargida ta duba ta ce lafiya lau yake. Ba lafiya ba ne. Kada kuma a ce ai za a dafa shi ya dahu, domin akwai ƙwayoyin da suke zuba wani dafi a cikin abinci wanda tafasa ba ta kashe shi. Babba yakan yi amai da gudawa ya tashi, amma ƙaramin yaro da mai ciki da tsoho, abin yana iya kai su asibiti ko fiye da haka. Kuma ba kullum ne hanci yake gane irin wannan nama ba.

Saboda haka tambayar da ta kamata ita ce: sau nawa wannan nama ya narke? Wanda ya tabbata firizarsa ba ta taɓa sakin sanyi ba, ya ci namansa na bara. Wanda ya ga jini ya gangaro ya daskare a gindin leda, ko ƙunsoshin sun manne da juna sun canza siffa, to ya san an samu narkewa. Idan ya san naman ya yi awoyi cikin ɗumi, zubar da shi ba almubazzaranci ba ne, domin ƙa'idar malamai ita ce kawar da cuta ana gabatar da ita a kan neman amfani. Kuma haramun ne ya miƙa wa almajiri abin da yake tsoron ba 'ya'yansa, ya kira shi sadaka. Iyayenmu da suke soya naman layya ƙarau ko su yi kilishi sun fi mu sanin yanayin ƙasarsu.

Masu sayar da daskararrun kaji da kifi, hadisin tsibin abinci yana kanku. Manzon Allah (S.A.W.) ya sa hannu cikin tsibin wani ɗan kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya tsawatar masa don me bai fito da jiƙaƙƙen sama mutane su gani ba, ya kuma barranta daga mai algushu. Kayan da suka narke a hanya aka sake daskarar da su aibi ne da ya wajaba a faɗa wa mai saye.

Akwai kuma abin da ya fi damunmu. Imam Alƙurɗubi ya yi bayani a tafsirinsa cewa hanin nan na kwana 3 an ɗauke shi ne saboda dalilinsa ya gushe, don haka idan mabuƙata suka sauka a gari lokacin layya, kuma babu abin da zai toshe yunwarsu sai wannan nama, hukuncin yana dawowa. 'Yan'uwa, a unguwanninmu akwai 'yan gudun hijira da marayu da zawarawa waɗanda suke wata da watanni ba su ga tsoka ba. Ƙunshin nan da ya shekara har aka manta da shi, ranar da aka sa shi a firiza yana da masu buƙatarsa a bayan katanga. Bana kafin a ɗaure leda a fara fitar da rabon maƙwabta, abin da ya saura a ƙulla shi ƙanana-ƙanana daidai girki ɗaya, a rubuta kwanan wata a jikin kowane ƙunshi.