Takardun Bubu Hama suna jiran gudummawa



A cibiyar bincike ta IRSH, ta Jami'ar Abdu Mumuni a Yamai, akwai rubuce-rubucen hannu kimanin 4000, na Larabci da na ajamin Hausa da Fulatanci. Marigayi Bubu Hama ya fara tara su tun yana shugaban Majalisar Dokoki, kafin juyin mulkin 1974. Akwai fiƙihu a ciki, da tarihin garuruwa, da waƙoƙin wa'azi.

Takarda ba ta jure gara da ƙura. Wuta kuwa ta fi su sauri: a Janairun 2015 aka ƙone cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar a Damagaram.

Gudummawar da ake roƙo ta akwatunan ajiya ce, da na'urar ɗaukar hoto, da guzurin mai binciken da zai je Tawa ko Agadas wurin malamin da ya gaji kundin kakansa. Malamin ba ya sayarwa, amma yakan yarda a ɗauki hoto in an zo masa da ladabi. Baƙi sun daɗe suna biyan irin wannan aiki, kuma mai biya shi ke zaɓen abin da za a bincika.

Wanda ya ba da jikka goma, haƙƙinsa ne a karanta masa lissafi a bainar jama'a.