Jawabi Kan Wa'adin Neman Diyya Idan Jirgi Ya Makara



Mu mazauna kudu ba mu rabuwa da tafiya: zuwa gida ganin dangi, sarin kaya a Dubai, aikin Hajji da Umra. Sau da yawa jirgi yakan makara ko a soke tashinsa, mutum ya yi asara, ya ce haƙuri ya yi shiru. Haƙuri abu ne mai kyau, amma neman haƙƙi yana da wa'adi.

Akwai yarjejeniyar Montreal ta shekarar 1999, wadda Nijeriya da Saudiyya duk suka amince da ita. Nijeriya ta saka ta cikin dokar sufurin jiragen sama ta 2006, sannan dokar 2022 ta ci gaba da aiki da ita. Sashe na 35 ya ba fasinja shekara 2 kacal ya shigar da ƙara. Ana fara lissafi daga ranar da jirgin ya sauka, ko ranar da ya kamata ya sauka, ko ranar da tafiyar ta katse. Idan wa'adin ya wuce, haƙƙin ya mutu. Wanda aka soke masa tashi, shi ma kada ya bari shekara 2 ta cika.

Wa'adin kaya ya fi gajarta. Idan jaka ta iso a lalace, a kai kuka a rubuce cikin kwana 7. Idan makara ta yi, kwana 21 daga ranar da aka miƙa maka ita.

Jama'a, ga inda ake yin kuskure. Wasiƙar da ka rubuta wa kamfani, da "dawo gobe" da suke ce maka, ba su tsayar da lissafi. Shigar da ƙara a kotu ne kawai ke cika sharaɗin, kuma Babbar Kotun Tarayya ce ke sauraron shari'ar jiragen sama.

Saboda haka a adana tikiti, da katin shiga jirgi, da rasidin otal da abinci. A rubuta wa kamfani cikin makon, a riƙe kwafi. In sun yi biris, a kai kuka sashen kare haƙƙin fasinja na hukumar NCAA, kuma a ga lauya da wuri. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.

Allah ya kai mu lafiya, ya dawo da mu lafiya. Wassalamu alaikum.