Kwana Uku a Duwala: Abin da Ya Kamata a Sani Kafin a Bar Garwa

Jawabin magatakardan ƙungiya a taron zagayowar ranar kafa ta

Mai girma shugaba, iyayenmu dattawan ƙungiya, iyayenmu mata, yayyenmu da ƙannenmu, barkanmu da ganin wannan rana. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya a wannan shekara.

Shugabanni sun ba ofishinmu umarni mu yi bayani a kan tafiya Duwala. Dalili kuwa, yawancinmu hanyar Yola da Mubi da Lere da Mundu muka sani kamar tafin hannu, amma yanzu matasanmu da mata da yawa sun fara gangarawa bakin teku su saro kaya da kansu. Wasu jarin shekara biyar suke ɗauka a aljihu, wasu kuɗin adashi, wasu kuma amanar mutane. Mun tattara abin da muka ji daga bakin tsofaffin hannu da abin da muke gani a ofis, muna roƙon a saurara, wanda ya fi mu sani kuma ya ƙara mana a ƙarshe.

Mu fara da lissafin kwanaki. Daga Garwa zuwa Duwala ya haura kilomita 1,100. Zuwa Ngaundare kusan kilomita 280 ne a mota, da hawan dutsen nan kafin a shiga gari. Daga can jirgin ƙasa na Camrail yana tashi da dare, ya bi ta Ngaundal da Belabo da Nanga Eboko, ya isa Yawunde da safe, tafiyar kilomita 620 da 'yan kai. Wannan layin dogo tun 1974 ya iso Ngaundare. Daga Yawunde sauran kilomita 240 ta Edeya. Wanda ya bar Garwa da asubar Litinin zai kwana Duwala ranar Talata in Allah ya kiyaye hanya. Ke nan kwana uku na ciniki mako guda ne cur, biyu zuwa, biyu dawowa. A faɗa wa iyali da masu bin bashi haka tun farko. Masu bas kamar Touristique Express da Danay Express suna bi ta Maiganga da Garwa Bulai da Bartuwa, mai hali kuma akwai jirgin sama na Camair-Co. Tikitin jirgin ƙasa, musamman na ɗakin kwana, a sa ɗan uwa a Ngaundare ya nema da wuri. Hanyar Yawunde zuwa Duwala kuwa manyan motoci sun yi mata yawa, don haka muna ba da shawara a bi ta da rana, a shiga Duwala ido na ganin ido.

Na biyu, takardu. Katin shaidar ɗan ƙasa shi ne kan gaba, wanda nasa bai fito ba ya riƙe takardar jiran kati, ya tabbata kwananta bai ƙare ba. 'Yan uwanmu na Cadi suna cikin CEMAC tare da mu. 'Yan uwanmu na Najeriya da Nijar kuwa su tuna Kamaru ba ta cikin ECOWAS, takardar da ke wucewa da mutum Kwatano ko Lome ba ita ake tambaya a nan ba. Su biyo ofis kafin tafiya mu duba abin da ke hannunsu, har da katin allurar shawara. Kowa ya yi kwafin takardunsa, ya bar ɗaya a gida, ya ɗauki hotonsu a waya. A shingen jandarma a miƙa takarda da ladabi, a karɓi aba a duba kafin mota ta tashi.

Na uku, kuɗi. Naira ba ta ciniki a kasuwannin Duwala, a canza ta tun nan inda muka san masu canji. Sefar Nijar ma ba ita ce sefarmu ba, duk da darajarsu ɗaya ce, ko wacce 655.957 a kan Yuro guda. Babban kuɗi kada a ɗaure shi a ƙugu. A zuba a Orange Money ko MTN MoMo, ko a tura ta Express Union ko banki, a riƙa cira daidai cinikin yini. Tun Janairun 2022 akwai harajin kashi 0.2 cikin ɗari a kan turawa da cirewa, ban da ladan kamfani, a sa shi cikin lissafin riba. Lambar sirri kuwa ko mai masauki ba a faɗa masa, kuma duk wanda ya kira ya ce daga kamfani yake, a ba shi lambar, a kashe waya. A tanadi canji, 'yan ɗari biyar da jaka guda, domin tasi da babur.

Na huɗu, masauki. Da ɗan gari akan ci gari. A Yawunde unguwarmu ita ce Briketeri, a Duwala kuwa Niyu Bel. Tun zamanin Jamus baƙi suke sauka a wannan unguwa, akwai Hausawa da Fulani da Barebari da suka haifi jikoki a can, akwai babban masallaci da masu abinci irin namu. Kada wanda ya bar Garwa ba tare da sunan mai masauki da lambarsa ba. Muna da sunayen waɗanda membobi suka saba sauka wurinsu, a zo a karɓa. A kai masa 'yar tsaraba, kilishi ko man shanu ko albasa, a kuma daidaita ladansa tun ranar farko idan zai yi rakiya kasuwa. Lokacin salla can yana bayan namu da kamar minti 15, saboda garin yana yamma da mu.

Na biyar, yanayi. Ruwan da ke sauka Garwa a shekara kusan milimita 1,000 ne, na Duwala ya ninka shi fiye da sau uku. Yuli da Agusta da Satumba su ne tsakiyar damina, ruwa kan kwana ya wuni, unguwannin kwari su cika, hanya ta tsaya. Disamba zuwa Fabrairu ya fi sauƙi. Zafinsu ba irin namu ba ne, gumi ne da ba ya bushewa. A tafi da lema da takalmin roba da tufafi marasa nauyi, a sa takardu da waya cikin leda. Masu kai albasa da gyaɗa da wake su kula sosai: albasar da za ta yi makonni a rumfa a nan, can kwanaki kaɗan take yi ta fara ruɓa. A samu mai saye a Sandaga kafin mota ta tashi daga nan, domin wanda kayansa ke ruɓewa ba ya da bakin taya farashi.

Na shida, kasuwanni. Duwala tana da mutane fiye da miliyan 3, kuma kowace kasuwa da abin da aka san ta da shi. Mbopi ta sari ce, kayan masarufi da na shafe-shafe da kayan gida. Kasuwar Kwango da babbar kasuwa ta Niyu Bel akwai atamfa da yadi da kayan ɗinki. Nkololun ta gwanjo ce. Kayan gyaran mota a nufi Kam Yabasi, shagunan 'yan Sin da wayoyi kuma a Akwa. Ga yadda tsofaffin hannu ke raba kwana ukun: ranar farko yawo da tambayar farashi, ba a fitar da ko sisi, a rubuta komai a littafi. Rana ta biyu saye. Rana ta uku ɗauri da lodi. A guji sa Lahadi cikin ukun, yawancin shagunan sari a rufe suke. A buɗe kwali a ƙirga a gaban mai shago, kada a yarda da samfurin da aka nuna a kanta alhali kayan suna sito. A karɓi rasit mai hatimi da sunan shago, domin shi za a nuna wa duwan a hanya da kan iyaka. Gobara ta sha tashi a Mbopi da kasuwar Kwango, saboda haka kayan da aka biya kada su kwana a kasuwa.

Na bakwai, zirga-zirga. Tasi a can haɗaka ake yi, mutum ya faɗi inda za shi da kuɗin da zai biya tun kafin ya shiga. Ɗan acaba sunansa bensikin, yana da sauri amma haɗarinsa da yawa, kuma ba kowace unguwa ake barinsa shiga ba, irin su Bonanjo. Mahaɗar Ndokoti da gadar kogin Wuri mai zuwa Bonaberi suna cunkushewa safe da yamma, wanda zai kama mota ko jirgi ya fita da sarari. Tashar jirgin ƙasa tana Besenge. Fulatancin da ke fitar da mu ko'ina a arewa ba zai wadatar ba, Faransanci da Turancin buroka ake yi. Wanda ba ya jin su ya tafi da mai ji, kada ya sa hannu a takardar da ba a karanta masa ba.

Na takwas, 'yan damfara. Can ana ce musu feman. Sukan zo da kwat da mota mai kyau, wani ma da Hausa a bakinsa da carbi a hannu. Wani ya ce yana da kwantena a tashar jiragen ruwa da za a yi gwanjonta rabin kuɗi, sai dai a ba da kafin alƙalami yau. Wani ya ce yana ninka kuɗi. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Kayan tashar ruwa ta hannun wakilin fito mai lasisin duwan ake fitar da su, mai ofis da za a iya komawa gobe. Ƙorafe-ƙorafen da suka zo teburinmu kusan duk iri ɗaya ne: an hanzarta mutum, an ce kada ya faɗa wa kowa. Duk cinikin da ba zai jira ka kira mai masaukinka ba, bar shi. Lambar 'yan sanda 117, ta jandarma 113, ta 'yan kwana-kwana 118.

Na tara, lafiya da abinci. Sauro can ba ya hutun rani, a kwana cikin gidan sauro. Kwalara ta sha ɓulla a garin, a sha ruwan gora ko dafaffe, a wanke hannu. Zazzaɓi ya kama, a je asibiti a yi gwaji, akwai Lakintini a Akwa. A ɗanɗana gasasshen kifi da miyando da miyar ndole, amma a tambayi irin naman da ke ciki, domin naman alade da na daji ba ɓoyayyu ba ne a can. Inda aka yi shakka, masu tsirenmu suna kowace mahaɗa.

Na goma, turo kaya. Manyan motocin da ke ɗaukar kayan Cadi daga Duwala ta gabanmu suke wucewa, kan gadar Binuwai, saboda haka mota ba ta wuya. Abin da ke wuya shi ne amana. A rubuta suna da lambar waya a kowane ƙunshi, a ɗauki hoton kayan da lambar motar, a karɓi takarda mai nuna adadi da kuɗin dako. A biya rabi can, rabi idan kaya sun sauka. Mutum uku ko huɗu su haɗa lodi, ya fi araha, ido kuma ya fi yawa.

Akwai masu cewa ba za su je bakin teku su dawo ba su ga teku ba. To Duwala a bakin kogin Wuri take, wanda ke son ganin teku sosai sai ya ƙara yini. Kiribi kusan kilomita 170 ce ta Edeya, can ne ruwan Lobe ke zubowa kai tsaye cikin teku, can ne kuma sabuwar tashar jiragen ruwa mai zurfi da ta fara aiki a 2018. Limbe ta fi kusa, kamar kilomita 70, amma tana yankin masu Turancin Ingilishi inda ake fama da rikici, a nemi shawara kafin a je, kuma a guji Litinin. Igiyar teku tana ja ta ƙasa, wanda ya iya iyo a Binuwai ma ya tsaya inda ruwa bai wuce gwiwa ba. A cikin gari kuwa, a leƙa tsohon gidan sarautar Manga Bel da ke Bonanjo, da dogon mutum-mutumin nan na tarkacen ƙarfe a shataletalen Daido. A fara gama lodi tukuna, sannan yawon buɗe ido.

Roƙonmu na ƙarshe: duk mai tafiya ya biyo ofis ya rubuta sunansa, ranar tashi, mai masaukinsa da ranar dawowa. Minti biyar ne, ba a biyan komai. Idan waya ta mutu kwana biyu, da wannan littafi za mu san inda za mu fara nema, mu kuma san abin da za mu faɗa wa iyalinka. Wanda ya dawo ya kawo mana farashin da ya tarar da halin hanya, mu manna a allo domin na baya. Iyayenmu da suka daɗe a wannan hanya, muna roƙon kowa ya ɗauki yaro ɗaya ya nuna masa gari a tafiyarsa ta gaba.

Allah ya kai mu lafiya ya dawo da mu lafiya, ya sa albarka a kasuwancinmu, ya maimaita mana.